Mun Raka Isufu Gida, Mun Dawo da Ɗansa

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi da daɗi ba. Wannan ya ce, "Lawan, yaya Nijar?" wancan ya ce, "Ina kilishinmu?" Har da mai tambayata wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda. To, ga shi na zauna zan faɗa gaba ɗaya, wanda bai ji yau ba kada ya sake tare ni a bakin geti. Amma in dariya kuka zo nema ku tashi tun da wuri, don tafiyar nan ba ta yi mini daɗi ba, har yanzu kuma ba ta sake ni ba.

Ga sababbin zuwa da ba su san shi ba, Malam Isufu mutumin ƙasar Damagaram ne, daga wani ƙauye bayan Matamai. Da na shiga kamfanin fatarmu na nan Challawa na tarar da shi a kan ganga, babbar gangar nan da ake zuba fata da kemikal tana juyawa. Ni a lokacin baro nake turawa. Shi ya koya mini in riƙa tsayawa ta bayan iska in za a buɗe murfi. Kun dai san tsakanin Bakano da Badamagare, ba a magana sai da tsiya. Bai taɓa kirana Lawan ba, sai "bawana". Ni kuma in ce masa, "Baƙo, yaushe za ka koma garinku ka bar mana abincinmu?" Ya ce sai ya gama cinye Kano tas. A haka muka yi furfura tare.

Bara ƙirjinsa ya fara ba shi wahala. Tari, tari, har in ya hau 'yar matakalar gangar sai ya zauna ya huta. Asibiti suka ce huhunsa ya gaji, ya bar wurin kemikal in yana son sauran kwanansa. Shi kuwa bai damu sosai ba, saboda wata al'ada da muka tarar a kamfanin: in tsohon ma'aikaci ya gaza ko ya rasu, ɗansa ko ƙaninsa ne ke shiga gurbinsa. Ba a rubuce take ba, amma kowa ya san da ita. Isufu yana da ɗa a gida, Mutari, magidanci da mata da 'ya'ya. Kullum maganarsa ke nan a gadon asibiti, Mutari zai zo ya hau ganga.

Abin da bai sani ba, yana kwance ɗin nan aka ƙara wa yarjejeniyarmu ƙarfi. Yarjejeniyar da ke tsakanin kamfani da ƙauyukanmu nake nufi, wadda ta ce a fara ba 'yan gari aiki. A da, sababbin gurabe kawai ta shafa. Yanzu aka ce duk gurbin da ya faɗi, ko na wane ne, ɗan gari za a ba. Kuma wanda layi ya zo kansa shi ne Nasiru, ɗan yayana marigayi, wanda ya gama difloma ya zauna a zaure har yarinyar da yake nema ta gaji ta auri wani.

Ba zan ɓoye muku ba, ina cikin waɗanda suka yi ta zirga-zirga gidan dagaci a kan yarjejeniyar nan, kuma gobe in aka sake zan sake. Inda injin ɗin nan yake ruri, gonar ubana ce. Na ci gyaɗa a wurin. Rijiyar gidanmu ta koma wari, kogin da muka yi wanka muna yara yanzu ko akuya ba ta son kai bakinta. Amma in yaranmu suka je geti sai a ce ba su iya ba, heluma, shugaban leburori, ya kawo na garinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da aka sallami Isufu, ma'aikata suka yi karo-karo aka ce mutum biyu su raka shi, don ba zai iya tafiyar shi kaɗai ba. Aka zaɓe ni saboda abota, aka zaɓi Sabo mutumin Ringim saboda ƙarfi, ko da za a ɗauki mara lafiya. Heluma ya ja mu gefe ya ce, "Maganar gurbi, ku gaya masa a hanya." Shi ke nan ya juya. Kun ji yadda manya suke sauke kaya a kan na ƙasa.

Da sassafe muka kama mota a Ƙofar Ruwa. Aka sa Isufu a gaba saboda iska, ni da Sabo muka matsu a baya da wata Hajiya mai kwandon tumatir da ba ta yarda a sa shi a but ba. Ba mu wuce Dawanau ba direba ya kunna rediyo, aka yi rashin sa'a shirin kiran waya ake yi a kan kason shiga makarantun tarayya. Wani ya kira ya ce rage wa wasu jihohi maki zalunci ne, wariya ce tsagwaronta. Wani ya kira ya ce adalci ne, ba a haɗa wanda ya fara gudu tun asuba da wanda aka kwance wa ƙafa da azahar. Sabo ya dunguri gwiwata. Na yi kamar ina barci.

Gab da Kazaure taya ta fashe. Direban ba shi da jak, sai da ya tsayar da wata mota ya ara. Muka zaunar da Isufu a gindin wata bishiya, Hajiya tana yi masa fifita da mayafinta, Sabo ya ja ni can gefen gona.

"Malam Lawan, yaushe za ka gaya masa?"

"Ni kaɗai aka aiko?"

"Kai ka ɗebo da zafi. Ni ban je gidan dagaci ba. Abin da kuka yi wariya ce, ka san ta, na san ta. Duk wanda aka hana abu saboda inda aka binne cibiyarsa, an yi masa wariya. Abin da Turawa suka yi wa baƙar fata ke nan, ba bambanci."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Au, yau ni ne Bature? Ni da aka ƙwace wa gona? Sabo, 'yarka da ta shiga makarantar tarayya, ba kai ka raba mana goro a geti ba, kana cewa Allah ya yi wa kason Jigawa albarka? Yaron Inyamurin nan mai gyaran wuta ya fi ta maki, yana gida. Wannan me sunansa?"

"Wannan daban. An bar mu a baya a boko."

"Mu kuma a gaba aka bar mu? Shekara da shekaru heluma yana cika kamfani da 'yan garinsu, uba ya sauka ɗa ya hau, kuna kiran abin zumunci. Mu da muka ce a ba namu, ya zama wariya. In ta faɗo gidanka rabo ce, in ta faɗo gidan maƙwabci sata ce."

Ya ce, "Ka kira ta duk abin da kake so, mutumin can da ke tari shi zai biya."

Wannan kam gaskiya ce. Amma shi ma bai ce komai a kan yaron mai gyaran wuta ba. Abin da na lura da shi ke nan a gardamar nan, da ta rediyo da tamu: kowa so yake ya riga ɗan'uwansa liƙa wa abin suna. In ka samu ka ce wariya, ka gama, don ba mai son a gan shi yana kare wariya. In ka riga ka ce haƙƙi, ka gama, don ba mai cewa a danne haƙƙi. Daga nan ba a sake tambayar wa zai kwana da yunwa. Isufu ya ɗago hannu daga gindin bishiya ya ce, "Kai, bayi! Kuna faɗa a gaban ubangijinku? Ku zo ku tashe ni." Muka je muka tashe shi.

A Daura muka ci shinkafa da wake, Isufu ya sha fura kaɗan ya mayar. Daga nan sai Kongwalam, bakin iyaka. Wanda bai taɓa zuwa ba yana zaton wata katanga ce. Igiya ce da tsummoki a ɗaure, da rumfuna, da mutane masu kaki iri-iri, kowa da hannunsa. Na ɓangarenmu ba su tsananta ba da suka ga halin da mutumin yake ciki. Da muka tsallaka Ɗan Barto kuwa, jandarma ya karɓi katin Isufu ya duba ya ce, "Sannu da zuwa gida, tsoho," ya sa aka ba shi benci. Mu kuwa ya tsayar da mu a rana. Ya tambayi katin rigakafi, Sabo ya miƙa masa katin zaɓe. Wallahi sai da na rufe ido don kunya. Jandarman ya juya katin gaba da baya ya ce, "Wannan allurar wace cuta ce?" Muka daɗe a tsaye, motoci suna wucewa, sai da Isufu ya taso da kyar ya dafa tebur ya ce, "Waɗannan bayina ne, na sayo su a Kano, ka yi haƙuri da su." Jandarman ashe shi ma Badamagare ne. Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce in dai Kanawa ne a wuce da su kafin su sayar masa da rumfar. An dai yi abin da aka saba yi a irin wurin, muka wuce.

Sabo ya raɗa mini, "Ka ɗanɗana zama baƙo?" Na ce masa na ɗanɗana, kuma ban ga jandarman ya ba ni kujerarsa ba, ban kuma ce ya yi mini wariya ba. Ya ce ai don yini ɗaya ne, ba rabin rayuwa ba. Muka ci gaba da tafiya, kowa yana jin haushin kowa.

Mun isa Matamai bayan motar ƙauyen su Isufu ta tashi, sai muka sauka gidan wani ɗan'uwansa mai sayar da gishiri. Ga masu tambayar burodi, e, dogo ne, kuma in ka bar shi ya kwana za ka iya korar kare da shi. Shayinsu ba irin namu ba ne na kofi cike da madara. A 'yar buta ake dafa shi a kan gawayi, a zuba a ɗan kofin gilashi kamar na magani, zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. In ka sha na farko ka tashi, ka yi rashin ladabi. Sabo ya kurɓa ya ce a ƙara ruwa, aka dube shi kamar ya yi saɓo. Asibiti su ce likita, makaranta su ce lakwal, malamin boko su ce mushe. Gaisuwarsu kuwa ba ta ƙarewa, sai an tambaye ka gajiya, da iyali, da zafi, da gajiyar jiya. An kawo mana dambun zogale da ƙuli, da tuwon hatsi. Abincin ya yi daɗi amma kaɗan na taɓa. Isufu yana jingine yana gaya wa mai gidan cewa Mutari zai bi mu, har ya ajiye masa takalmin robarsa a wurin maigadi. Sabo ya dube ni, na dubi tabarma.

Washegari muka hau wata tsohuwar a-kori-kura da buhuna da awaki. Hanyar yashi ce, motar ta kafe sau ba adadi, mu sauka mu tura, Isufu yana gaba yana tari yana ba mu oda. Abin da na gani a gefen hanya shi ya fi tsaya mini. Hatsin bana bai yi ba. Karan ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rumbuna da yawa a buɗe ba komai. A ƙauyukan da muka ratsa ba ka ganin majiya ƙarfi, sai tsofaffi da mata. Na tambayi wani da ke kusa da ni ina samarin, ya ce wasu Agadas, wasu Libiya, wasu wajenku.

Garinsu ya fito tarbarsa kamar an dawo daga Makka. Mata suna guɗa, sai da suka ga yadda aka sauko da shi guɗar ta mutu. Mutari ya zo ya durƙusa ya gaishe mu. Dogo ne, mai sanyin murya, kafaɗunsa irin na uban. Ya ce mini, "Baba Lawan, tsoho kullum sai ya yi zancenku." Aka yanka mana akuya, a garin da na tabbata ba su ci nama ba tun Layya. Ina cin naman nan kamar ina tauna igiya.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gida, 'yan'uwansa da limamin garin da dattawa, ana ta sa mana albarka. Na ga in ban faɗa a nan ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na gyara zama na ce, "Malam Isufu, akwai maganar da aka aiko ni da ita. Ba za a ba Mutari gurbinka ba. An ba ɗan gari. An ce baƙo ba ya gadon gurbi yanzu."

Jama'a, sai wurin ya fashe da dariya.

Wani tsoho mai carbi ya ce, "Kun ji Bakano! Ya ci akuyarmu ya fara."

Isufu yana dariya yana tari ya ce, "Na gaya muku, bawan nan nawa ba ya gajiya. Tun ina saurayi yake korata daga Kano."

Na ce, "Ba wasa nake ba. Wallahi an ba wani."

Tsohon ya ce, "Rantsuwar Bakano! A kan atamfa ma yi suke, su ce ba ta zuba." Aka sake kecewa. Har liman sai da ya rufe baki da rawani.

Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Maganar da na yi shekaru ina faɗa masa da wasa, yau ta zama gaskiya, kuma ba wanda zai karɓe ta daga bakina. Na sake cewa, "Ɗan yayana aka ba, Nasiru." Wata tsohuwa daga cikin gida ta ɗaga murya ta ce a gaya wa Nasirun ya zo ya yi musu noma, sun ba shi gurbin jaki. Na juya wurin Sabo, don shi mutumin Ringim ne, ba abokin wasansu ba, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Na ce, "Sabo, gaya musu." Mutumin da ya cika mini kunne da wariya tun daga Kazaure, ya dubi Isufu, ya dubi matar Mutari da ke leƙe da goyo, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "In sha Allahu za a duba." Na so in shaƙe shi. Daga baya da na huce na gane ba tsoro ba ne, tausayi ne ya kama shi, amma tausayin nan bai amfani kowa ba.

Da safe bayan an idar da salla, Isufu ya aika a kira ni ɗakinsa. Yana kwance a kan tabarma, an tokare masa baya da buhu. Ya sa na sakaya ƙofa. A karon farko tun da na san shi ya kira sunana.

"Lawan. Maganar jiya."

"Ba wasa ba ce."

"Na sani. Tun a ta biyu na gane. Ba ka taɓa rantsuwa a wasanmu ba."

"To me ya sa ka bari suna dariya?"

"In sun daina dariyar, me zan ba su?"

Ya yi tari mai tsawo, na riƙe masa kwano. Da ya lafa na fara yi masa bayani, gonar ubana, rijiya, yaranmu da ke zaune. Ya ɗaga hannu ya ce ya san gonar, ai ya tarar da kukar da ke bakinta kafin a sare. Bai ce mun yi daidai ba, bai ce mun yi zalunci ba. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Ka ga rumbunan. In ya zauna, me za su ci? Ka tafi da shi, kada ka gaya masa sai kun isa. Kano da faɗi, ka nema masa ko dako ne." Sannan ya kama hannuna ya matse da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Abu ɗaya na roƙe ka. Kada ka bari ya shiga rami."

Ku da kuke aiki a nan kun san ramin. Ga wanda bai sani ba, can bayan kamfani ne inda duk dattin jima yake taruwa ya yi kauri, sai an shiga da shebur da bokiti an kwashe. Ɗan kwangila ne ke kawo masu shiga, aikin yini ne, ba kati ba asibiti. Iskar da ke tashi daga ciki tana iya kayar da ƙato kafin ya ce wayyo, kuma mun ga an fito da mutane a miƙe. Na ce masa, "Na yi maka alkawari."

Dawowarmu ba ta da labari. Mutari ya riƙe jakarsa a cinya tun daga ƙauye har Kano, yana tambayata yadda ake kunna ganga, ina ba shi amsa guntu-guntu. A iyaka wannan karon shi aka tsayar a rana, mu aka ce mu wuce. Sabo ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa in ya sake ambatar wariyar nan zan sauka in bar masa motar. Ya rufe.

A zaurena na gaya wa Mutari, bayan ya ci abinci. Bai yi dariya ba, shi. Ya dubi ƙasa ya ce, "Tsoho ya sani?" Na ce ya sani. Ya ce, "To." Da safe ya ga Nasiru ya fito da kayan aiki zai tafi, ya gaishe shi, Nasiru ya amsa yana kallon gefe. Yaron nan Nasiru ba shi da laifin komai. Ranar da ya karɓi albashin farko uwarsa kuka ta yi, ta aiko mini da tuwo. Ina so ku riƙe wannan ma, ku masu cewa mun yi mugunta.

Na ɗauki hutu na shiga yawo da Mutari. Muka je Sharaɗa, kamfanin roba, kamfanin taliya, kamfanin sabulu. Wani maigadi ya ce ana rage mutane ne ma. Wani ya ce su ma suna da 'yan garinsu da ke jira. Muka je Bompai, rabin gine-ginen a rufe, ciyawa ta cinye geti, waɗanda ke aiki kuma sai an kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wani heluma da na sani tun muna samari ya ce mini, "Haba Lawan, kai da bakinka? Ba ku kuka fara ba?" Muka gwada dako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, can ma kowane gungu da shugabansa, kuma sai wanda ya san ka. Ya samu yini biyu ko uku, aka ce ya dakata. A tsakanin nan matarsa ta aiko saƙon murya a waya, ƙaramin yaron ba lafiya, ɗan hatsin da muka baro a rumbunsu ya ƙare. Na ba shi abin da zan iya, ya karɓa da hannu biyu, amma na ga abin yana cin sa. Ya daina cin abincin rana a gidana, wai ya ƙoshi.

Hutuna ya ƙare na koma aiki. Ran nan da hantsi heluma ya aike ni bayan kamfani in duba wani bututu da ya toshe. Na tarar da mutanen ɗan kwangila suna aiki, wasu a sama suna jan igiya, wasu a ƙasa. Aka jawo bokiti, bayansa wani dogo ya hauro, baƙin dattin nan har ƙirjinsa, ya ɗaure hanci da tsumma. Ko bai cire tsumman ba na san kafaɗun.

Na daka masa tsawa, ban san lokacin da na kama wuyan rigarsa ba. Na ce, "Uban wa ya kawo ka nan? Ka san abin da na yi wa ubanka alkawari?" Ya bari na gama, idanunsa jajur saboda iskar ramin. Ya ce, "Baba Lawan, ku yi haƙuri. Nan kaɗai ne ba a tambaye ni garinmu ba." Na juya kan ɗan kwangilar, ya ce shi bai tilasta wa kowa ba, in ina da ɗan gari mai so in kawo shi yanzu ya sallami wannan. Ba ni da shi. Duk zaman da muka yi a gidan dagaci, ba wanda ya taɓa cewa a ware mana kaso a rami.

Na roƙi yaron nan, na yi faɗa, na ce zan mayar da shi gida da kuɗin motata. Ya ce in ya koma ya ce musu me. Har yau da nake muku maganar nan yana shiga, ina kuma ci gaba da nema masa wani wurin, duk wanda ya ji labarin gurbi ko na shara ne, don Allah ya same ni. Sabo yanzu ba ya cewa komai, sai dai kullum ya kawo masa madara wai tana wanke ƙirji. Ku kuma kuna nan kuna ta yi, jiya ma na ji ku, wannan ya ce wariya, wancan ya ce haƙƙi. Ni na gaji. Ban janye ko kalma ɗaya a kan gonar ubana ba, kuma ba na iya haɗa ido da yaron.

Shekaranjiya da azahar wayata ta yi ƙara, lambar Nijar. Na fita bayan masallaci na ɗauka. Muryar ta ƙara shaƙewa, sai na kasa kunne sosai nake ji.

"Bawana."

"Na'am, Malam Isufu. Yaya jiki?"

"Da sauƙi. Saƙon yaron ya iso, an sayi hatsi. Allah ya yi muku albarka. Ashe ya samu aiki."

"Ya samu."

"Madalla." Ya yi tari, na jira. "Ba rami ba ne dai ko?"

Na buɗe baki. Ga ƙarya a kan harshena, Sharaɗa, Bompai, dako, kowacce na ɗauka zai karɓa. Ba wadda ta fito. Ina jin numfashinsa yana jin nawa, har wani mai alwala ya juyo yana kallona.

Can ya ce, "To." Ya kashe wayar.